Layuka Tara da Ba Su Tsiro Ba a Gonar Ja'afaru

Ja'afaru ɗalibina ne a firamare a nan Bagwai, shekaru talatin da suka wuce. Bai yi nisa a boko ba, amma ya zama manomi mai tsabtar aiki, wanda ake zuwa kallon dawarsa. Gonar da ya gada ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wata.

Bara ya sayi babbar waya, sai aka zuba shi a guruf-guruf har shida. Abin da ake turowa a ciki na gani da idona, kuma ban so na gani ba: hotunan gawarwakin haɗarin mota da ba a ko rufe ba, da muryoyin dattawa masu furfura suna zagin iyayen juna a kan siyasa. Ja'afaru yana tsaki, yana tofar da yawu, yana kuma sake buɗewa. Matarsa Hure ta faɗa wa iyalina cewa ya daina jin ɗanɗanon tuwo, kuma ko gaisuwa aka yi masa sai ya amsa da faɗa.

Da ruwan shuka ya sauka, ƙaninsa Zaharaddini ya shiga gaba yana sara da sungumi, shi kuma yana biye da ƙwaryar iri, yana jefawa yana rufewa da diddige. A tsakiyar aikin wani ya turo zagi. Ja'afaru ya ajiye ƙwaryar a ƙasa domin ya mayar da martani, sai ƙafarsa, da ta saba, ta ci gaba da aikinta. Haka ya bi layi tara yana rufe ramuka babu ƙwaya ɗaya a ciki. Da ya koma ya ɗauki ƙwaryar, sai ya ɗora daga inda ya ga ramuka a buɗe.

Bayan kwana goma gona ta yi kore, ban da wani faffaɗan sanƙo a tsakiya. Ya zargi tsuntsaye, ya zargi mai sayar da iri. Zaharaddini ya tone rami ashirin a gabansa, sannan ya tambaye shi wane tsuntsu ne yake cin iri ya mayar da ƙasa ya danne.

Na sami Ja'afaru zaune a bakin gonar. Ya ce, “Malam, mutumin da na tsaya zagi, ko fuskarsa ban sani ba. Kaina nake ƙyama.”

Ya bi maƙwabta yana roƙon dashe, abin da mahaifinsa bai taɓa yi ba. Daga ranar ya fita daga guruf biyar. Kowace safiya yakan jefa wayar cikin rumbu, ba ya ɗauko ta sai bayan la'asar. Hure ta ce ya koma neman ƙarin miya.

Dashen ya kama, amma layukan taran ba su kamo sauran a tsayi ba har kaka. Duk wanda ya bi ta hanyar kasuwa ya gan su.