Gefen Bargon da Na Danne

Har yau idan na ji ƙaurin saiwa a kan garwashi, sai tafin hannuna ya jiƙe da zufa. Na zauna a Kumasi, na yi shekaru a Sudan, na shaƙi turaren mutane iri-iri, amma wannan ƙaurin gidanmu yake mayar da ni, wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya dawo daga Ikko a shekarun da kuɗin mai suka cika gari. Ya daɗe yana dako a tashar jiragen ruwa, ya zo mana da rediyo da agogo da tari. Ba tarin mura ba ne. Kullum da safe sai ya kusa cika gwangwani da majina kafin ya iya amsa gaisuwa.

Ni na san abin da yake sha. Wata rana da damina na bi akuyarmu cikin dawa, na iske shi tsugune, ya naɗe ganye a takardar siminti. Yana zuƙa, yana riƙe hayaƙin a ƙirji har idanunsa su kawo ruwa. Ya ce in na faɗa, ba ni ba shi.

Kakata kuwa ta ce iska ce ya kwaso a bakin teku. Ta aika garin Fakku aka karɓo mata saiwoyi. Da hantsi sai ta zuba su a kaskon wuta, Baffa ya durƙusa a kai, a lulluɓe shi da bargo. Ita ta danne gefe guda, ni ta ba ni ɗayan.

"Danne da kyau, angona," in ji ta, "kada maganin shi tsere."

Ka taɓa ganin yadda bargo ke motsi in mutum na neman numfashi a ƙarƙashinsa? Ina jin yatsunsa suna laluben gefena, ni kuma ina ƙara dannewa, don haka aka ce in yi. Rana ta huɗu tarin ya tsaya cak. Bargon ya daina motsi. Na fizge shi ina kuka.

"Ba iska ba ce, Kaka! Wiwi shika sha!"

Baffa na kife, leɓunansa sun yi fari, sai can ya ja numfashi. Kaka ta dube ni, babu sauran wasa a fuskarta.

"Mi kac ce? Ka taɓa ganinai yana tsince-tsince bisa juji? Ya taɓa barin salla? Mai shan wagga aba haukacewa shikai. Ɗana na da hankalinai."

Abin da kowa ya sani ke nan a garin, shi ya sa babu wanda ya yarda da ni. Washegari aka ba yayana gefen da nake dannewa.

Damina uku Baffa ya ƙara. Daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu. Daga baya kwanciya ta gagare shi, yana wuni jingine da rumbu, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Ya rasu da hankalinsa garau, yana sane da kowane numfashi da ya ƙi zuwa.

Sai da na girma wani likita a Sudan ya ce mini huhu ba ruwansa da sunan ganye. In an daɗe ana ɗura masa hayaƙi, hanyoyin iska kumbura suke yi su cika da majina. Duk ƙasar da na je sun ba wiwi nasu sunan, amma duk hauka suke tsoro, ba a maganar ƙirji.

Kwanan baya jikan yayana ya ɗauko ni a babur daga Jabo. Na ji warin wiwi a rigarsa, na tambaye shi. Ya yi dariya.

"Haba Alhaji, ni ba ta taɓa mini kai."

Bai kai shekara talatin ba. Na ce ya tsaya, ya ajiye babur, mu taka zuwa kan wani tudu da ke gabanmu. Ni da furfurata na riga shi kaiwa. Da na waiwayo, yana can ƙasa dafe da gwiwoyinsa, ya daina dariya.