Maɗorin Bakin Gada

A shekarar da aka buɗe gadar Anaca, wani mai shagon rediyo ya ajiye akwatin talabijin a tagarsa. Bayan magariba 'yan dako da mahauta sukan taru a waje su yi kallo. Ran Laraba ake nuna wasan wani likita mai ɗaga hanci, wanda ba ya buɗe baki sai ya ci mutuncin wani. Yawancinsu ba sa jin Turancin, amma da ya harari babban mutum ya yaɓa masa magana, sai wuri ya kaure da dariya. Na'Allah mahauci ya je sau biyu ya daina. Ya ce wannan da an kashe akwati ya ƙare, nasu na unguwa kuwa ba a kashe shi.

Mijinyawa maɗori yake nufi. Dogon tsoho ne, busasshe, mai rumfar kwano ɗaya a unguwar Hausawa ta bakin gada. A unguwar da dattawa ke gaisuwa har su tambayi lafiyar akuya, shi idan ka ce masa ina kwana sai ya dube ka ya ce me ya karye. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaurin aure. Jana'iza kawai yake zuwa, nan ma ba ya zaman makoki. Ya karɓi diga ya haƙa kabari ya koma rumfarsa. Sunan mutum kuwa bai taɓa riƙewa ba. Da ƙashin da ya ɗora maka yake kiranka. Na'Allah, wanda bijimi ya taɓa makawa da garun kwata, shekara shida sunansa Kafaɗa.

Duk da haka rumfar ba ta rabuwa da mutane, kuma rabinsu lafiyarsu ƙalau. Kallo ke kawo su. Na'Allah ya daɗe da gane dalili. Ɗan dako yana wuni ana yi masa tsawa yana haɗiyewa. Da yamma sai ya zo ya ga Alhaji Maikuɗi, dillalin shanu mai mota biyu, zaune a ƙasa da targaɗe, tsoho yana ce masa ƙafar ba ta da laifi, tumbin da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfinta. Abin da suka haɗiye tun safe, wani ya faɗa musu shi. Amma da baki ne kawai, da tuni an fasa masa shi. Hannun ne. Yakan rufe ido ya bi ƙashi da yatsa kamar mai laluben ƙofa a ɗakin da ya sani, ya ja sau ɗaya, ka ji ƙas, kafin ka gama salati ya jera tsagin gora ya naɗe. Ƙullinsa uku ne a jere, na tsakiya a juye. Babu wanda ya yi wa ɗori da ya tashi da ɗingishi.

Yana da doka da ya gada wurin ubansa. Karayar cinya kwana arba'in ce, duk bayan kwana bakwai a kwance a shafa man shanu a sake ɗaurewa, kuma hannun da ya fara shi ke gamawa. Wanda ya bari wani ya taɓa masa ɗori, kada ya sake tako rumfar.

Cikin Satumban 1966 aka kawo masa Nwokedi, wani kafinta Ibo da ya faɗo daga kan rufi. Asibiti sun ce sai dai a yanke ƙafar. Mijinyawa ya taɓa, ya ce masu farar riga sun iya wuƙa kamar Kafaɗa, su je kwata a ba su aiki. Ya ɗora. Sunan kafinta ya koma Cinya.

Ɗorin na da kwana goma sha huɗu gari ya juya. Manyan motoci suka riƙa sauke Ibo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu da labarin waɗanda ba su iso ba. Masu sayen nama da suka saba wasa da Na'Allah suka daina haɗa ido da shi. Aka ƙone rumfuna biyu. Sarkin Hausawa ya aika gida gida cewa kowa ya ɗaure kayansa, motocin shanu uku za su tsallake gada da hantsi, kuma bayansu babu wata.

Na'Allah ya ɗora matarsa Kande da yara a mota, ya ruga rumfar. Ya tarar da tsoho yana feƙe gora. Ya faɗa masa mota ta kusa cika, ya faɗa masa abin da aka yi wa wani mai shayi jiya a bakin kasuwa. Tsoho bai ɗago ba.

"Baba, don girman Allah ka tashi. Kafintan nan da ka tsaya dominsa, ko sunansa ba ka sani ba."

"Ina ruwana da sunansa? Saura kwana ashirin da shida."

"Akwai maɗora a cikin danginsa, su ƙarasa mana."

Sai a nan ya ɗago. "Su ƙarasa? Su karkata min ƙafa, gobe a nuna gurgu a ce aikin Mijinyawa ne? Kauce, Kafaɗa, ka tare min haske."

Na'Allah ya yi niyyar ya sunkuce shi, don ƙarfin yana nan a kafaɗar da tsohon ya gyara. Ya kasa. Direba na ta danna ham. Ya juya. Har suka kai Asaba bai daina waige ba, Kande na ce masa ya bar wa Allah.

Yaƙi ya zo ya ci wata talatin. Na'Allah ya yi su a Zariya yana fawa a rumfar wani. Duk wanda ya fito daga kudu sai ya tambaye shi, babu mai labari.

Da aka gama ya koma, don sana'arsa can take. Gada ta karye, da jirgin fito ya tsallaka. Kasuwa ta zama toka, shagon talabijin ko bangonsa babu. A inda unguwarsu take ya ga wani ramamme yana hawa tsani da katako a kafaɗa, yana taka ƙafa biyu daidai. Nwokedi ne.

Kafintan ya sauko ya ba shi labari da guntun Turancin kasuwa. Ran da motoci suka tafi, tsoho ya shigo gidansa da jakar gora, ba sallama. Suka ɓoye shi a ɗakin ajiyar katako. Kwana ashirin da shida matar gida na kai masa abinci, kullum sai ya kushe miyar. Sau biyu samari suka zo nema, uwar Nwokedi ta zauna a bakin ƙofar ta ce sai dai su taka ta. Ran na arba'in ya kwance ɗorin, ya sa kafinta ya zaga tsakar gida sau uku, ya ce to, ya gaji da ganin fuskokinsu. Nwokedi da kansa ya raka shi bakin kogi, tafiyarsa ta farko, ya sa shi a kwale-kwalen wani masunci. Tsoho bai yi godiya ba. Abin da ya ce kawai, kada ya ɗauki kaya mai nauyi sai bayan wata biyu. Ko ya kai ko bai kai ba, kafintan bai sani ba.

Na'Allah ya koma kwata da wannan a ransa. Bayan wata huɗu ayarin shanu na farko ya iso daga Arewa. Cikin masu korar akwai wani Bubayero, hannunsa rataye a wuya. Na'Allah na cikin duba bijimi idonsa ya faɗa kan ɗorin. Ƙulli uku a jere, na tsakiya a juye.

Ya ajiye igiyar, ya tambaye shi wa ya ɗora masa. Bubayero ya yi tsaki. Ya ce wani tsoho ne a Lakwaja mara mutunci, ko gaisuwa ba ya amsawa, kuma ya kafa masa sharaɗi lallai ya koma kafin kwana bakwai.

"Da wane suna yake kiranka?"

"Wai Tsintsiyar Hannu. Kamar uwata ba ta raɗa min suna ba."

Na'Allah ya zauna a kan turke. Sannan ya ce masa ya sayar da shanun da wuri ya kama hanya, kada ya kuskura kwana bakwai ɗin su wuce.