Wayar Ratnesh a Cikin Gwangwanin Shinkafa

Urmila tana cikin murza kwaɓin fulawa da safiyar Asabar sai gwangwanin shinkafar da ke lungun kicin ya fara rawa. Ta goge hannu da gefen sarinta, zanen da ta yafa, ta tono wayar. Ta Ratnesh ce, ɗaya daga cikin samarin da take dafa wa abinci, mai kiran kuwa wansa ne, Brijesh. Tun bai yi magana ba take jiyo kukan mata a bayansa.

"Mausi, babanmu ne, Babuji ya yanke jiki ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Mota muke nema zuwa asibiti."

"Tsaya in kira maka ƙanen naka."

"A'a! Na roƙe ki, Mausi, kada ya ji. Gobe ce jarrabawarsa. In ya fito sai a gaya masa. Babuji da kansa haka zai ce."

"Ya ce haka ɗin?"

"Ba ya iya magana," in ji Brijesh, ya kashe.

Urmila ta fi shekara ashirin tana dafa wa samari abinci a Prayagraj ta ƙasar Indiya, waɗanda suka gama jami'a suka cika ɗakunan haya suna karatun jarrabawar aikin gwamnati. Ta fara sana'ar ne bayan mutuwar mijinta, mai tuƙa keken haya. Kowa Mausi yake ce mata, wato ƙanwar uwa. Ita ta kafa dokar gidan: makon jarrabawa kowa ya miƙo wayarsa, ta binne a shinkafa, kada ta cinye masa lokaci. Iyaye kan sa mata albarka saboda haka. Ba ta taɓa tunanin gwangwanin zai iya zame mata dutse a ƙirji ba.

Ratnesh ya faɗi jarrabawar a baya, ba sau ɗaya ba. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, shekarunsa sun kai iyaka. Ubansa kuwa babu wanda bai gaya wa ba a ƙauyensu na Ballia cewa ɗansa zai zauna a ofis.

Amma Urmila ta san ɗaya gefen abin. Tana da cikin fari uwarta ta mutu a Mirzapur, surukanta suka ɓoye mata, wai mai ciki ba ta jin mugun labari. Aka ƙona gawa, aka gama makoki, ita tana gidan miji tana cin alewar laddu tana dariya. Sai da ƙanenta ya zo da kai a aske irin na masu makoki ta gane. Har yau ko warin laddu ba ta so. A ranar ta yi rantsuwa ba za a haɗa baki da ita a yi wa wani haka ba.

Da rana samari suka jeru a ƙasa da farantansu. Shailu, abokin ɗakin Ratnesh, ya kurɓi miyar waken dal ya yamutsa fuska.

"Mausi, duk gishirin garin nan kika juye? Ko mai sayar da shi ne yake neman aurenki?"

"Ci ka rufe mini baki, marar kunya. Uwarka ma haka take dafawa."

"Shi ya sa na gudo ai!"

Aka kwashe da dariya. Ratnesh ya ɗago daga littafin da ya jingina da kofin ruwa.

"Mausi, Babuji ya kira?"

Ta juya baya tana jujjuya gurasar roti a wuta. "Ka san sabis ɗin ƙauyenku. Sai an hau bishiya."

"To ya hau mana," in ji Ratnesh. "Ya fi ni ƙarfi."

Rotin ya ƙone a hannunta.

Da yamma ta je wajen tsohon da ke guga a bakin layi, mutum mai yawan ibada, ta ba shi labarin ba tare da suna ba. Bai ko ɗago daga dutsen gugarsa ba. Ya ce babban wa ya yanke, ita bare ce, kuma wutar gawa ai babban ɗa ne ke kunnawa. Ta ce ba wuta take magana ba, ganin uba da rai take magana. Ya ce in yaron ya je uban ya warke, aikin kuma ya wuce har abada, wa za a zaga? Ta koma gida. Ta kira Brijesh. Ya ce sun isa asibiti, likita bai ce komai ba. Kira na gaba bai ɗauka ba.

Sanda Ratnesh ya fita shan shayi ta shiga ɗakinsa, ta cusa masa kaya kala biyu a jaka. Ta haɗa da ƙaramar kwalbar ruwan kogin Ganga, wanda ake ɗiga wa mai barin duniya a baki. Ta cire kwalbar, ta ji kamar ita ke kiran mutuwar. Ta sake mayar da ita.

Ranar Lahadi da safe ta ba shi cokalin kindirmo da sukari a baki, kamar yadda ake yi wa duk mai fita neman sa'a. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta bi shi har makarantar da za a yi jarrabawar, jakar a ƙarƙashin mayafinta. A hanya ta shirya maganar tsaf. A bakin ƙofa za ta faɗa, shi ya zaɓa da kansa.

A bakin ƙofar Ratnesh ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta don girmamawa.

"Tunda tsoho bai hau bishiya ba, ke ki sa mini albarka a madadinsa."

Ta ɗora hannu a kansa. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Je ka, ɗana. Ka rubuta da kyau."

Ya shige, mai gadi ya ja ƙofa.

Urmila ta samu gindin bishiya cikin iyaye masu jira, ta zauna da jakar a cinya. Ta kira Brijesh, wayarsa a kashe. Ta kira matarsa, ba a ɗauka ba. Ratnesh yana ciki yana rubutu. Har yanzu babu wanda ya kira daga Ballia ya ce uban yana da rai ko babu.