Maɓalli na Biyu

Ranar ta fara da hazo daga teku. Da sassafe 'yata Natsuki ta sauko, ta ci shinkafa da ƙwai a tsaye. Kakarta ta dubi gashinta da aka aske har ƙeya.

"Kai kamar na masunci! Wa zai aure ki a haka?"

"Kifi, Kaka. Har ya turo magabatansa."

Ta fita sanye da siket ɗin makaranta, ta hau keke, hazo ya haɗiye ta.

Da hantsi tana ɗakin Malama Ogiwara, mai ba ɗalibai shawara. Can take fara sauka kullum. Malamar gajeruwa ce, ta kusa ritaya, tana kiwon jajayen kifaye a tulun gilashi, shayinta kuma kullum salam. A kabad ɗinta ake rataye baƙar rigar ɗalibai maza mai maɓallan tagulla, da wandonta. Ta daɗe tana zarya ofishin shugaban makaranta kafin a yarda Natsuki ta riƙa shiga aji da su. Ba ta taɓa tsare yarinyar da tambayar ko mace ce ko namiji ba. Tambayarta ɗaya ce: "Yau wanne za a sa?"

Da azahar suka ci abinci tare a gaban kifayen. Ranar yaye ɗalibai, samari kan cire maɓalli na biyu, na saitin zuciya, su ba wanda ya fi kwanta musu a rai.

"Malama, wa zan ba nawa?"

"Fara cin jarrabawar lissafi tukuna, sarkin surutu."

Da la'asar, a filin wasa, zuciyar Natsuki ta tsaya. Likita ya ce da ciwon aka haife ta.

Da aka zo shirya gawarta, Kaka ta fito da kimono, doguwar rigar gargajiya mai furanni, wanda ta daɗe tana adana mata. Ana cikin haka Malama ta iso da ƙunshi, ta durƙusa a bakin ƙofa, goshinta a tabarma.

"Kaka, ki gafarce ni. Ba gardama ta kawo ni ba. Kayanta na kawo mata."

Kaka ta warware ƙunshin, ta daɗe tana shafa baƙar rigar. Sannan ta juya ƙafar wandon.

"Wa ya yi wannan kalmasa?"

"Ni ce."

"Duk karatunki, allura ta gagare ki? Jikata ba za ta tafi da wannan ɗinki ba."

Ta sa tabarau, ta farke shi, ta sake ɗinkewa. Da yake ba a sa ƙarfe a akwatin gawar da za a ƙona, ita ce kuma ta yanke maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta kama gaban rigar da baƙin zare. A cikinta Natsuki ta tafi.

Da lokacin rabon kayanta ya yi, keken ya koma hannun 'yar maƙwabta. Kimono ya koma akwatin Kaka. Siket ɗin na kai makaranta, ko wata za ta buƙata. Maɓallan suna gaban hotonta, inda muke kunna turare, ban da na biyu. Kaka da kanta ta shiga jirgin ƙasa ta kai wa Malama.

Yana ƙasan tulun gilashin yanzu, cikin tsakuwa. In rana ta faɗo ta taga yakan ɗan yi ƙyalli, kifayen suna wucewa ta kansa a hankali.