Shaidar Argiris Mai Alfadarai

Argiris maƙwabcinmu ne a ƙauyen Karitsa. Shekara bakwai ya yi yana kai wa Janar Zervakos albarushi kan alfadarai lokacin yaƙin korar Turkawa, bai taɓa harba bindiga ba. Ya san kowace hanyar tsauni, kuma tun yana saurayi matsoraci ne, shi ma ba ya musu.

Da aka sami 'yanci, masu mulki suka fara tsargin tsofaffin mayaƙa, aka kama Janar. Ana tsaka da kakar zaitun wasu dakaru biyu suka sami Argiris a gona.

"Kai ne ka kai masa wasiƙun tawaye, ko?"

"Yallaɓai, ni ko sunana ban iya karantawa ba."

"Ba karatu muka tambaye ka ba. 'Ya'yanka nawa?"

A kotu Argiris ya ce eh, ya taɓa ɗaukar takarda. Janar na zaune hannu a ɗaure, yana kallonsa. Aka yanke wa Janar ɗauri.

Argiris ya dawo gida ya sayar da alfadaransa. Ya daina zuwa kasuwa, a coci ma bakin ƙofa yake tsayawa. In ya ji kofaton doki sai ya shige rumbun hatsi. Matarsa Garufaliya takan ce, "Fito, jarumi, mai gishiri ne."

Bayan shekara biyu aka saki Janar, har aka ba shi minista. Da bazara manzo ya zo: ana neman Argiris a birni. Ya sa limamin coci ya yi masa addu'a, ya nuna wa Garufaliya inda yake so a binne shi, ya tafi a ƙasa kwana uku.

Janar ya tsufa, ido ɗaya ya mutu. Ya nuna masa kujera.

"Zauna, Argiris. Za mu fasa hanya ta tsaunin nan naku. Ina ruwa yake yanka ta da damina?"

Argiris ya faɗa masa. Ya jira a ɗauko zancen kotu, ba a ɗauko ba. Aka ba shi burodi da cuku, aka sallame shi.

Da ya dawo muka ce ai an yafe masa. Ya girgiza kai. "Da ya zage ni da na huta."

Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya, ba wanda ya taɓa shi. Hanyar ta biyo ta bayan gidansa, amma har ya mutu bai taka ta ba.