Tarin da ke Cikin Faifan Baba

Ran Talatar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, a shekarar korona, na ajiye wa Baba farantin shinkafa da wake a bakin ƙofar ɗakinsa, na ƙwanƙwasa sau biyu, na ja da baya. Shekarata goma sha uku. Umma ta je Zariya duba kakarmu aka rufe filayen jirgi, sai ya zama daga ni sai shi a gidanmu na unguwar Mansura, can ƙasar Larabawa, hawa na huɗu. Likita ne, cikin masu cutar yake wuni, don haka ya killace kansa. Wata biyu ban zauna kusa da shi ba.

Ni ke shara, ni ke wanki, ni ke ƙona miya. Makaranta ta koma cikin kwamfuta, farfajiyar da muke 'yar gala-gala da 'ya'yan maƙwabta ta zama ta maguna. Kaɗaici ya ishe ni. Abin da ya rage mini shi ne la'asar, in ya dawo ya kunna wani tsohon faifai da ya saya tun yana ɗalibi, kiɗan Turawan da, goge da piyano, babu mawaƙi. Da farko raina shi na yi: kiɗan da ba a yabon kowa, ba a rawa, ina amfaninsa? Ta bayan ƙofa yakan ce, "Hajara, bi babban gogen nan, shi ke magana, sauran amshi suke." Nakan jingina da ƙofar in bi, har na soma gane inda gogen ke tambaya da inda piyano ke lallashinsa.

A gaban jama'a aka ɗauki faifan, kuma daidai inda kiɗan ya yi ƙasa akwai wani bawan Allah da ya yi tari sau ɗaya. Ranar da na fara ji, zabura na yi. Baba ya yi dariya ya ce, "Ba ni ba ne, wannan tun kafin a haife ni yake tarinsa." Na haddace wurin. To, ran Talatar nan sai tari ya zo a inda babu shi, ya sake zuwa, ba a kuwa ɗauki farantin ba.

Sati uku ya yi a asibiti, ina wajen maƙwabciyarmu 'yar Sudan. Ya dawo, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Bayan shekara biyu, lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a ƙasar, gari na ta ihu daga Mansura har filin wasa na Lusail, mu kuwa muna falo, kafaɗa da kafaɗa, yana ɗaga yatsa duk inda goge zai shigo. Watanni kaɗan bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina karatu a Zariya, kuma a wayata akwai kiɗan nan daga hannun gwanaye iri-iri, tas, ba ko motsin kujera. Ba na iya jin su zuwa ƙarshe. Tsohon nake kunnawa da la'asar, in jira tarin, ko wani zai ce mini ba shi ba ne.