Shanu huɗu na Adda Dije

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Adda Dije, matar yayana Buba. A gidanmu da ke bayan Kamarawa ba a cika zancen ranar da ta rasu ba. An fi tuna ta da bakinta, domin da wuya a yi zaman hira a tashi ba wanda ya kwaikwayi muryarta aka fashe da dariya. Ni ƙanen mijinta ne, kuma duk wanda ya san al'adarmu ya san abin da ke tsakanin mace da ƙanen miji: tsokana ce ba iyaka. Mun yi shekaru da yawa muna wannan wasa, ban taɓa kayar da ita ba ko sau ɗaya. Na yi aikin malamin dabbobi har na yi ritaya, na zauna gaban malamai masu takardu, amma in aka tambaye ni wa ya koya mini sana'ar nono, za ni ce wata mata ce da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Mu mun daɗe da zama wuri ɗaya. Muna noman gero da dawa kamar maƙwabtanmu Gobirawa, muna kiwo kamar kakanninmu, a gida a yi Fillanci, a kasuwa a yi Hausa. Maza ke da ta cewa a kan shanu, mata ke da nono. Haka muka taras, ba wanda ya ga dalilin sakewa, sai da fari ya zo.

Na dawo daga makarantar koyon aikin dabbobi ne a shekara ta biyu ta babban farin nan da dattawan Isa da Sabon Birni har yau ba su manta ba. Damina ta farko ta yi gardama. Ta biyu ta fara kamar abin kirki, gero ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke cak. Gulbi ya koma rairayi, mata suna tono a tsakiyarsa kafin su cika tulu ɗaya. Shanunmu suka fara ramewa, har kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Wata rana bayan la'asar Yaya Buba ya tara mu a ƙofar gida don a yi shawara. A lokacin yana riƙe da garken mahaifinmu gaba ɗaya. Adda Dije tana da nata tara a ciki, wasu na sadakinta, wasu daga gidansu. Ba a saba mace ta sa baki a irin wannan zama ba, amma ta fito ta tsaya bakin zana ta ce:

"Wanga fari ba na wata guda ba ne. Saniyar da ba ta ci ba, ba ta ba da nono, gobe ko mahauci ba ya kallon ta. Ku rage su tun da sauran nama a jikinsu."

Yaya Buba ya ce, "Shanun Baffa ne. Ba a hannuna za a ce sun ragu ba. Kudu za ni da su."

Sai ta juyo wurina. "Kai Malamin shanu, mi takardarka ta ce?"

Na san abin da aka koya mana, kuma ya yi daidai da maganarta. Amma ina jin nauyin yayana, sai na yi ta kame-kame, na ce kowace shawara tana da nata amfani. Ta dube ni ta ce, "Ashe takardar ma tana tsoron yayanta." Har Yaya Buba sai da ya murmusa, amma bai canza shawara ba.

Ita kuwa ta ce nata dai za ta sayar da biyar ta bar huɗu a gida. Yadda ta zaɓe su shi ne darasina na farko. Kwana bakwai tana tatsar kowace saniya a ƙwarya daban, ta ajiye su a jere ta duba. Akwai wata jar saniya mai dogon ƙaho da mahaifinta ya ba ta ranar aurenta, wadda ta fi so duk cikinsu, ko muryarta ta ji sai ta ɗago kai. Ita ce ƙwaryarta ta fi ƙasa. Ta sa ta cikin na sayarwa, ta bar gudale huɗu, irin shanun nan masu gajeren ƙaho, marasa kyan gani amma masu cika ƙwarya. Ni na kora su zuwa kara, kasuwar shanu ta Sabon Birni. Ta rako ni har bakin hanya, ta shafa wuyan jar saniyar nan, hawaye na zuba. Da ta ga ina kallon ta sai ta ce, "Tafi mana, hayaƙin murhu ne." Ba murhu ko ɗaya a wurin.

Kuɗin da aka samu bai kwana uku a hannunta ba. Ta mayar da shi dusa da angurya da harawa da kanwa tun kafin su yi tsada. Ta bi manoman da geronsu ya ƙone ta saye karan, ta sa aka ɗaure aka jibge a kan rumfa. Da sassafe ita da 'ya'yanta mata suna gindin gawo suna tsintar 'ya'yansa. Rumbun da ya kamata ya cika da hatsi ya cika da abincin shanu, mata suna zuwa leƙe suna dariya. Ta ce musu ba a fafe gora ranar tafiya.

Yau idan na ji ana taron bita a kan kiwon zamani, ana cewa makiyayi ya san saniyar da ke ciyar da shi da wadda shi ke ciyarwa, sai in tuna ƙoren nan tara a jere. Na tabbata da an gayyace ta irin wannan taro za ta je, za ta zauna a gaba, kuma kafin a tashi sai ta tambayi mai jawabi ko ya taɓa tatsa.

Yaya Buba ya yi kudu da sauran garke. Gida ya rage daga ni da Adda Dije sai tsohuwarmu da yara da shanu huɗu. A watannin da suka biyo baya, waɗannan huɗun su suka riƙe mu. Kullum Adda Dije ta ɗauki ƙwarya zuwa Isa ta dawo da gero a ƙunshe. Ba a ƙoshi ba, amma ba a kwana da yunwa ba. Kuma duk tsananin da ake ciki ba ta yarda a tatse saniya ƙarƙaf. Sai an bar wa maraƙi nasa. Takan ce ɗan maraƙin nan shi ne nonon baɗi, wanda ya shanye rabonsa ya shanye baɗi.

Sai wata matsala ta taso a kasuwa. Da nono ya yi ƙaranci, wasu masu talla suka shiga ƙara masa ruwa, su zuba garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ba mugunta ba ce, yunwa ce. Amma masu saye suka gane. Malaman makaranta da ma'aikatan Isa suka koma madarar gwangwani, masu fura suna cewa nonon bana ruwa ne da ya hango saniya daga nesa. Mai gaskiya da mai algus duk aka haɗa su aka ƙi. Wata rana Adda Dije ta dawo da rabin ƙwaryarta ba a saya ba. Washegari ta bi ruga-ruga da ƙafa, ta kira mata masu nono su taru a gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Ni kuma ta ce in zo in gaya musu abin da na karanto.

Na shirya ƙwarai. Na ari allo daga makarantar firamare, na zana ƙwayoyin cuta, na yi bayanin yadda suke hayayyafa. Na fi rabin sa'a ina zuba. Da na gama na ce ko akwai tambaya. Wata tsohuwa daga wajen Alkalawa ta nuna allon ta ce, "Ɗan nan, waɗanga ƙwarin naka, a wane daji suke kiwo? Ni dai ban taɓa ganin su ba." Wuri ya kaure da dariya.

Adda Dije ta tashi ta ce in zauna in huta, na yi ƙoƙari. Ta ɗauko ƙwarya biyu. Ɗaya ta wanke ta da tafasasshen ruwa ta kife a rana ta bushe, ɗaya ta ɗauraye kawai kamar yadda aka saba. Ta wanke hannunta, ta wanke hantsar saniya, ta tatsa, ta tafasa rabin madarar ta zuba a ƙwarya ta farko, ɗanyen ta zuba a ta biyu. Ta sa musu ɗan tsami daidai wa daida, ta rufe da faifai, ta ce kowa ta dawo jibi. Da suka dawo ta buɗe. Ta farko ta kwanta luf, kindirmo mai ƙamshi. Ta biyu ta tsinke, ruwa a sama, wari na tashi. Ta ce da tsohuwar nan, "Inna, ga ƙwarin Malam nan, kin gan su?" Gani ya kori ji. Abin da na kasa da allo ta yi shi da ƙwarya biyu, kuma duk abin da ta nuna daga bakina ta ji shi a hira, ta juya shi yadda zai shiga kunne.

A wannan zama suka yi alkawari. Ba ƙara ruwa, ba garin 'ya'yan kuka. Ludayin awo ya zama iri ɗaya, kada wata ta zo da ƙarami ta ɓata wa sauran suna. Suka raba unguwanni, maimakon su cunkushe a bakin kasuwa suna karya wa juna ciniki. Wadda nononta bai kai na talla ba ta haɗa da na 'yar'uwarta, ɗaya ta je ɗaya ta huta. Ba duka suka riƙe alkawari ba, an yi rigima, an yi gaba ta kwana biyu. Amma kafin wata ya zagayo, matan ma'aikata sun fara aiko da kwano tun da safe suna cewa a ba su na mutanen Dije.

Yaya Buba ya dawo gab da faɗuwar damina. Shanun da ya dawo da su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Sauran sun faɗi a hanya, wasu ya bayar da su a wulaƙance. Ya rame ya yi baƙi, ya zauna a zaure ya kasa shiga gida. Duk mun zaci ranar Adda Dije za ta amayar da abin da ke cikinta. Sai ta dama fura da kindirmo ta kawo masa da kanta, ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya. Ka ceto abin da ka iya." Ya sha, ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya ce, "Da na ji maganarki." Ta ce, "Da ka ji, da wa za ni riƙa tsokana har tsufa?" Ranar na ga yayana yana dariya da hawaye a lokaci ɗaya.

Da ruwa ya dawo, maruƙan nan da aka bar wa rabonsu suka girma, suka haihu. Daga su garkenmu ya sake tashi. Ta kuma raya al'adar nan ta ba wanda ya rasa aron karsana, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Sai dai ita tana da sharaɗi: matar gidan ta zo ta yi kwana uku tana tatsa tare da ita, maigidan kuma ya nuna mata inda zai tara harawa. Maza da yawa sun ji haushin sharaɗin, amma sun cika shi.

Yanzu jikarta Hassi tana da shago a Sabon Birni, da firji mai aiki da hasken rana. Ana kawo mata madara a kan babur, tana yin yogot tana ɗurawa a gora, masu saye suna kira ta waya. Nakan tsaya a bakin shagon in yi tunanin abin da kakarta za ta ce. Na san za ta buɗe firjin nan ta sa hannu ta yi salati. Na san kuma za ta ɗanɗana kafin ta yaba, domin yau akwai masu kwaɓa madarar gari su kira ta nonon shanu, kuma da ta gane su da loma ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne me za ta ce game da halin da yankinmu ya shiga, inda mutum ke rasa garke ba don fari ba, sai don ɓarayin shanu. Ba za ni sa mata magana a baki ba a kan wannan. Abin da kawai na shaida shi ne, a lokacin da kowa ke lissafin abin da ya rasa, ita tana duban abin da ya rage da yadda za a yi da shi.

Ba ta bar gidan bene ba, ba a sa wa ko lungu ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari yana hannun matan da suka koya a wurinta suka koya wa 'ya'yansu, da yawansu ba su ma san daga inda ya faro ba. Yana kuma bakin Yaya Buba. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma har yau matasa na zuwa neman shawararsa a kan kiwo, kuma kowace shawara sai ya fara da cewa, "Mai ɗakina takan ce..." Kwanan baya na ji yana gaya wa wani yadda ake cinikin dusa ta waya, wai ita ta faɗa. Da baƙon ya tafi na ce, "Haba Yaya, yaushe Adda ta san wannan?" Ya yi dariya har yana tari, ya ce, "In ba ta faɗa ba, ai da tana nan da ta faɗa."

Allah ya jiƙan Adda Dije, ya yalwata makwancinta, ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna kamar yadda ta shayar da mu a shekarun ƙishi.